Ranar da Aka Naɗe Filin Molino

“Ku dakata! Na ce ku dakata, matata kuke lodawa!”

Doña Nélida ta gane muryar tun kafin ta tsallaka layin jirgi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Don Evaristo, ta san tarinsa, ta san munsharinsa, amma ba ta taɓa jin ya yi ihu irin wannan ba, ko a ranar da aka ci ƙungiyar ƙwallonsu a minti na ƙarshe suka faɗo daga rukuni. Burodi za ta saro da safiyar nan ta Litinin. Ta yar da buhun a bakin hanya, ta faɗa ƙofar filin ƙwallon Molino da ta tarar a wangale.

Ta tsaya cak. An feɗe rabin filin. Wani inji na bi yana yanko ciyawa haɗe da ƙasarta, leburori na biye da shi suna naɗewa kamar tabarma, suna jibgawa a kan tirela. Inda aka cire, sai baƙar ƙasa tsirara, tsuntsaye na tsintar tana. Ga Don Evaristo can tsaye a gaban tirelar, tsoho ɗan firit, hularsa a ƙasa, furanni a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya dafa ƙarfen motar kamar shi zai hana ta motsi.

“Baba, don Allah ka matsa,” in ji shugaban leburorin. “Mu aiki aka ba mu. Ciyawa ce kawai.”

“Ciyawa ce kawai?” Nélida ta iso tana haki. “Kai ɗan wane gari ne?”

Ba ɗan garin ba ne, shi ya sa. Duk wanda aka haifa a San Laureano ya san cewa masoyin Molino ba ya zuwa maƙabarta. Idan ya mutu aka ƙona gawar, a filin nan ake zuba tokarsa, kowane gida da wurinsa: wasu bakin raga, wasu tsakiyar fili, wasu gaban bencin ’yan canji. Duk Litinin, washegarin wasa, a buɗe wa iyalai ƙofa su zo su gaisa da nasu. Clotilde, matar Don Evaristo, tana kusurwar da ke gefen layin jirgi, gindin tutar kwana, domin a nan take zama tana raye ta riƙa zazzaga wa mai ɗaga tuta rashin mutunci tun daga farkon wasa har a tashi. Ba su haihu ba. Ranar da ya zuba ta, a gaban kowa ya ce mata ta matsa masa wuri, yana nan tafe. Daga baya ya sa Nélida ta rantse cewa ita za ta kai shi.

Nélida ta dubi kusurwar. Babu ciyawa, babu tuta.

“A wace mota kuka sa ta?” Don Evaristo ya tambaya, murya ta dushe. “Ta gefen can. A wace mota?”

Mutumin ya sosa ƙeya, ya dubi abokan aikinsa. Wani daga cikinsu da ya fahimci zancen ya saki naɗin da ke kafaɗarsa, ya goge hannuwansa a wando, ya sake gogewa.

“Wannan gefen tun asuba ya tafi, Baba. Mu ba mu san inda ake kaiwa ba. Direbobi suka sani.”

Kafin haka unguwa ta taru, wasu da kumfar sabulu a gemu, wasu da tsintsiya a hannu. Abin mamaki, babu wanda ya jefi kowa, babu wanda ya yi zagi, mutanen da ke iya cinna wa motar alƙalin wasa wuta a kan bugun fanareti. Tsaye suka yi baki buɗe. Wata mata ta ce, “Babana,” ta zauna daɓas a ƙasa. Direba ya ja da baya, ya kewaye tsohon, ya fice da kayansa suna kallo.

Aikin Dakta Sarlenga ne, ba sai an faɗa ba. Lauya ne da ya sauko daga babban birni da farar kwat da haƙora farare tas, ya ce su ba shi kulob ya kai su rukunin farko. Aka taru a ɗakin taro, aka ɗaga hannu, aka ba kura ajiyar nama ana tafi. Ya gasa shanu, kowa ya ci ya lashe yatsa. Daga nan ya fara. ’Yan wasan da ke da ƙafa ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Fitilun fili ya ce za a kai gyara, kofuna za a kai a wanke, bas ɗin kulob za a sake mata fenti, kuma har yau ana wankin, ana fentin. Filin kansa ashe ya jinginar da shi ga mutum biyu da ba su san da juna ba. Ita Nélida tun ranar farko ba ta yarda da shi ba, saboda ya karɓi burodi da sosej a teburinta na bakin ƙofar fili, ya ɗaga wa masu hoto, da suka juya ya miƙa wa direbansa. Amma ko ita, da duk baƙin zatonta, ba ta kawo zai sayar da matattu ba. Ranar da aka naɗe filin ce kuma aka daina jin ɗuriyarsa, ofishinsa ko kujera babu.

Ita ta riƙo Don Evaristo zuwa gida. Ya kwanta da takalmansa.

Daga ranar ya daina cin abinci. Da can ta kan katanga take miƙa masa kwano suna faɗa, ita ta ce bishiyar lemonsa na zubar mata da ganye a tsakar gida, shi ya ce miyarta gishiri ya yi yawa, ya kuma cinye tas ya lashe cokali. Yanzu sai ta zagayo ta shiga har ɗaki, ta tarar da kwanon jiya yadda ta ajiye. Ko ƙoƙon mate, shayin ganyen nan da ba ya rabuwa da shi, in ta haɗa ta miƙa masa sai ya riƙe har ruwan ya huce. Likitan unguwa ya zo ya auna shi, ya ce zuciya ce, dama ta daɗe tana lallaɓawa.

“Ka ci ko cokali biyu ne, tsohon banza,” ta ce. “So kake ka mutu ka bar ni da sharar ganye?”

“In na mutu ina za ki kai ni?”

Ta kama gyara masa matashi.

“Na ce ina za ki kai ni, Nélida? Kin rantse. Clotilde ba ta iya zama da baƙi ba, kin san halinta. Ki samo mini inda take.”

Tsoro ya kama Nélida, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun mutuwar nata mijin. Ta ga mutumin nan zai tafi a hannunta, ya bar ta da rantsuwar da ba ta da inda za ta sauke.

Cacho ne ya gano, ɗan yayanta mai tasi, ƙato mai surutun da ba ya barin fasinja ya sauka sai ya ji tarihin kakanninsa. Ya shigo da tsakar rana gumi na zuba.

“Goggo, na gano! Wata mai aikin gida na ɗauko. Sabbin gidajen masu kuɗin nan na hanyar kogi, Los Aromos. Ta ce an shimfiɗa musu ciyawa dare ɗaya, kore shar, wai har da zanen fari-fari a jiki, matan gidan na ta ƙorafi.”

Ta so ta je ita kaɗai ta fara gani. Amma katangar gidajen nan ba ta riƙe sirri. Kafin ta ɗaura ɗankwali, Don Evaristo na tsaye a bakin ƙofarta, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje gashi da ruwa.

“Ka koma ka kwanta.”

“In kin isa ki kwantar da ni.”

A ƙofar Los Aromos akwai sandar tare hanya da ɗakin gilashi. Cacho ya fara shirya ƙaryar da zai yi, sai mai gadin ya leƙo, ya ga tsohon a kujerar baya, ya cire hula. Fermín ne, ɗan unguwarsu, wanda mahaifiyarsa ke bakin ragar kudu.

“Don Evaristo,” ya ce, ya kasa haɗa ido da shi. “Ni ne na ɗaga musu sandar nan suka shigo da ita. Wallahi ban sani ba sai da na ga layukan. Kullum ina bi ta gefe, ba na iya takawa.” Ya ɗaga sandar. “Ku shiga. In an tambaya, kun zo duba famfo ne. Amma Baba, da ka haƙura.”

Nélida ta yi zaton za ta ga fili. A ranta ta ɗauka an ɗauko shi ne an shimfiɗa a wani wuri yadda yake, raga na kallon raga, sai dai a ƙirga kusurwa a gane. Da motar ta shawo kwana, sai da ta dafe ƙirji.

Gidaje ne farare jere, layi bayan layi, kowanne da ɗan dandalin ciyawa a gaba da baya. Masu shimfiɗawa sun riƙa jawo naɗi ne duk wanda hannu ya kai. Layukan farar ƙasar suna nan ba su goge ba, amma a gutsuttsure: nan ɗan tsayi ya miƙe ya katse, can wani ya gitta, wani ya nufi bango ya ɓace, wani ya shige ƙarƙashin tukunyar fure. Tsakiyar fili na maƙwabtaka da bakin raga, gabas ta auri yamma. Duk mutanen unguwarsu na nan, an cakuɗa su.

Cacho ya kashe mota.

Don Evaristo ya fito da kansa. Ya ce layin kwana lanƙwasasshe ne, shi zai nema. Ya bi gida-gida, kansa a sunkuye, Nélida na riƙe da gwiwar hannunsa. Suka sami lanƙwasasshe a gaban wani gareji, ya durƙusa da ƙyar, ya shafa, ya girgiza kai: wannan ya yi faɗi, na da’irar tsakiya ne. Suka sami wani kusa da kwandon shara, wani a gefen wurin ninƙaya. Wannan na gaban raga ne. Wannan na kwana ne, amma kwana huɗu ce a fili, wa ya san ta wane gefe ce?

Wata matashiya ta fito daga gidan da ke da wurin ninƙayar, da ɗan kare a hannu. Ba ta da mugun nufi, baiwar Allah, har ruwa ta kawo a kofi.

“Ku ne masu ciyawar? Yawwa. Don Allah yaushe zanen nan zai fita? Mun biya kuɗin kore zalla, kuma kullum sai an yi ta ban ruwa.”

Don Evaristo ne ya karɓi kofin ya yi godiya.

“Zai fita, ’yata,” ya ce. “Ki ƙara haƙuri. Karen nan, a nan yake zagayawa?”

“E mana, ai don shi muka sa.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga kofin zai sha, ya kasa kai shi baki, ruwan ya zube masa a kwat. Cacho ne ya sungume shi zuwa mota, ya ce daga baya bai fi nauyin buhun gawayi ba.

Bai sake tashi ba. Nélida ta kwaso kujerarta ta dawo ɗakinsa, tana feraye dankali a cinya, tana yi masa labarin unguwa ko yana ji ko ba ya ji. An ce an ga Dakta Sarlenga a wata ƙasa yana ɗaga rigar wani kulob. An ce hukumar ƙwallo ta soke sunan Molino daga gasa. An ce masu jinginar nan biyu sun kai juna kotu, kowa ya kafa allonsa a ƙofar fili. Ranar Lahadi lokacin wasa ya yi, unguwa tsit, har ana jin kukan kurciya a kan rufin injin niƙan garin.

Wata ranar da yamma, rana na shigowa ta taga, ya buɗe ido ya kira ta da murya garau kamar lafiyarsa lau.

“Maƙwabciya.”

“Ina jin ka.”

“Na yi tunani. Tunda ba a san inda take ba, ki zuba ni ko’ina.”

“Kamar yaya ko’ina?”

“Kaɗan-kaɗan. Kowane gida ki ba shi nasa, gaba da baya, kada ki tsallake ko ɗaya. Dole wani wuri in faɗa kanta.” Ya yi ɗan murmushi. “Kai ne ko ƙafa, za ta gane ni. Za ta ce na makara.”

Nélida ta ajiye wuƙar firar dankali.

“Ka san abin da kake faɗa kuwa? In rarraba ka kamar gishiri?”

“Ai hannunki ya saba, ba kya tsoron zubawa.”

Ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta juye kuka, ta rufe fuska da gefen atamfar girkinta. Da ta buɗe, yana kallon silin, bakinsa a ɗan buɗe. Ta kira sunansa. Ta sake kira, da faɗa wannan karon. A waje mai sayar da gas na wucewa yana buga ƙarfe. Ta daɗe zaune da hannunsa a cikin nata kafin ta iya tashi ta leƙa titi ta faɗa wa mutane.

Bayan addu’a a coci, Fada ya ja ta gefe, domin Cacho ya riga ya baza zancen ga duk wanda ya shiga tasinsa.

“Doña Nélida, abin da na ji ba daidai ba ne. Ba a rarraba ɗan Adam. Akwai wuri a bangon coci, a ajiye shi cikin mutunci.”

“Ranka ya daɗe, Fada, ba ni na fara rarrabawa ba. In ka ga Dakta Sarlenga ka gaya masa.”

Fada ya kawar da kai. Shi ma kawunsa na tsakiyar fili.

Akwatin da aka ba ta daga wurin ƙona gawa ya cika ɗaukar ido, sai ta juye tokar a gwangwanin biskit, ta sa a jakar cefane da cokalin shayi. Ta yi mamakin ƙanƙantar abin. Mutum guda, da tarinsa da gardamarsa, bai cika gwangwani ba. Ta zaɓi ranar aiki da hantsi, lokacin da masu gidajen sun fita, sai ’yan aiki. Cacho ya ce zai raka ta, ta ce ya zauna a mota, wannan ba aikin mai surutu ba ne. Fermín ya ɗaga sanda bai tambaye ta komai ba, ya yi alamar gicciye.

Ta fara daga gidan farko. Ta tsuguna kamar mai gyara takalmi, ta ɗebo cokali guda, ta barbaɗa, ta shafa da tafin hannu har ya shige cikin ciyawa. Ta zagaya baya ta ’yar siririyar hanyar masu aiki, ta yi haka. Inda ta ga lanƙwasasshen layi sai ta ƙara cokali, har biyu, wani wurin uku, don zuciyarta na ce mata nan ne. Gwiwoyinta suka fara ciwo, rana ta ɗago. Wata mai aiki da ke shanya ta tsaya tana kallon ta ta saman shinge, ta daɗe, sannan ta zo ta zare mata sakatar ƙofar baya ta koma ciki.

“Ga ka nan, tsoho,” Nélida ke faɗi ƙasa-ƙasa a kowane dandali. “Duba ko tana nan.”

Ta gama layi na farko, ta gama na biyu, ta shiga na uku. A tsakiyarsa ta ji cokali ya karci ƙarfe. Ta karkata gwangwanin, ta tattaro abin da ya maƙale a lungu, ya ba ta rabin cokali. Ta zuba. Ta leƙa ciki, ta ɗago kai.

Gidaje na nan a gabanta, sauran wannan layin da wani layin guda cur a bayansa da ba ta san da shi ba, can wajen kogi. Duk kore, duk da gutsattsarin fari. Daga inda take tana hango wani lanƙwasasshe a gindin wata ’yar bishiya.

Ta zauna a bakin kwalbati, gwangwani a cinya. Ta cika hannu tun farko, ta sani, kuma babu inda za ta je ta ƙaro. Ya ce kada ta tsallake ko ɗaya. Ta ji kamar yanzu ne ya mutu. Ta daɗe a haka, ba ta ko iya kuka ba.

A jikin bangon gidan da ke kusa akwai famfon lambu yana ɗiga. Ta yi ta kallon sa. Can ta dafa gwiwa ta miƙe, ta je ta tara gwangwanin, ta cika shi, ta sa cokalin ta juya a hankali, ta wanko gefe da gefe da murfin. Ruwan ya yi ɗan duhu kaɗan, da ƙyar ido ke gani.

Ta rungume gwangwanin a ƙirji don kada ya zube, ta nufi gida na gaba. Ta tsoma yatsu ta yayyafa a kan ciyawar, ta wuce na gabansa, ruwan na bin hannunta yana gangarowa cikin hannun riga.